Tokar zinare ta Indiya: yadda ake haɗa ta da abin dubawa kafin a saya

A maganin gargajiya na Indiya da ake kira Ayurveda, ana sanya zinare cikin magungunan da ake sha don ƙarin ƙarfi, jinkirta tsufa da ƙarfafa garkuwar jiki. Ba a shan sa yadda yake. Sai an mayar da shi gari mai laushi, ja-ja mai duhu, wanda ake kira Swarna Bhasma, wato tokar zinare. Ingancin garin da haɗarinsa duk daga hanyar haɗa shi suke fitowa, don haka mai saye ya fara sanin wannan hanya.

Ana farawa da tsarkakewa. Maƙeri zai buge tsantsar zinare har ya zama falle siriri wanda ƙaya za ta iya hudawa. A gasa fallen har ya yi ja, a tsoma shi cikin man riɗi, a maimaita sau 7. Haka za a yi a cikin tsala, da fitsarin saniya, da ruwan tsami na hatsi, da ruwan dafaffen wani wake da ake kira kulattha, kowanne sau 7. Zinaren sarƙa ko na awarwaro bai dace ba, domin akwai gaurayen tagulla da azurfa a cikinsa, kuma za su bi shi har cikin garin.

Mataki na biyu shi ne ƙonawa, kuma a nan matsalar take. Zinare ba ya cin wuta, ba ya tsatsa, sai zafi ya kai digiri 1,064 yake narkewa. Saboda haka ake haɗa shi da zaiba, yawanci awo ɗaya da ɗaya, a murza a turmin dutse har zaibar ta cinye fallen su zama dunƙule mai laushi. Sai a ƙara farar wuta, a ci gaba da murzawa da ruwan lemun tsami, a yi ƙananan faifai, a shanya su bushe sarai. Faifan da bai bushe ba yana fashewa a wuta, kuma tsakiyarsa ba ta ƙonuwa. Ana jera su a kasko, a kifa wani kaskon a kai, a liƙe bakin da tsumma mai yumɓu, a binne cikin busasshen kashin shanu, a kunna. Yawan kashin shanun shi ne ma'aunin zafi: ƙaramar wuta curi 8 ce, babbar da ake yi wa ƙarfe masu tauri tana cin curi 1,000. Zinare ƙaramar wuta yake so. In ta yi yawa, garin zai sake haɗewa ya koma ƙarfe, aikin ya tashi a banza. In ta yi kaɗan, zaiba za ta saura a ciki. Bayan kaskon ya huce da kansa, a fasa, a sake murzawa, a sake ƙonawa, sau goma sha wani abu ko fiye. Masana'antu da yawa yanzu tanda mai lantarki suke amfani da ita.

Wannan ba aikin gida ba ne. Zaiba tana tafasa a digiri 357, tururinta ba shi da wari, kuma yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Irin tururin ne masu haƙar zinare a Zamfara suke shaƙa idan suna ƙona curin zaiba da zinare.

Masu wannan sana'a suna da gwaje-gwajensu, kuma mai saye zai iya yin uku daga ciki da ɗan abin da ya ɗiba a tsinke. Ka barbaɗa shi a kan ruwan da ya natsu a kofi, ya kamata ya yi iyo. Ka murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya shige cikin zanen fata ba tare da ka ji tsakuwa ba. Ka duba shi a rana, kada ka ga ƙyalli ko kaɗan, domin ƙyalli alama ce cewa ƙonawar ba ta kammala ba. Akwai na huɗu da ake yi a masana'anta: a gasa garin da gutsuren azurfa, in nauyin azurfar ya ƙaru, to da sauran aiki. Sai dai duk waɗannan laushin gari da kammalar ƙonawa kawai suke nunawa. Jar ƙasa da aka niƙa da kyau za ta iya tsallake wasunsu, kuma babu wanda zai nuna maka dalma ko ragowar zaiba.

Binciken da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2004 ya gwada magungunan Ayurveda 70 da aka saya a yankin Boston na Amurka, aka sami dalma, zaiba ko asenik, wani sinadari mai guba, a cikin 14. A 2008 an gwada 193 da aka saya ta intanet. Kusan kashi 21 cikin 100 na ɗauke da waɗannan ƙarafa, a rukunin da ake haɗawa da ma'adinai kuwa adadin ya kai kusan kashi 41. Saboda haka abin da za ka nema takarda ce. Kwalba ta nuna lambar lasisin masana'anta, lambar rukunin da aka haɗa, jerin abubuwan da ke ciki da nauyin kowanne. Ka nemi sakamakon ɗakin gwaji na wannan rukunin, mai nuna yawan zinare, zaiba, dalma da asenik. In a Najeriya aka shigo da shi, a ga lambar NAFDAC. Garin da aka ƙulle a leda ko takarda ba suna, a bar shi komai arharsa. Arhar ma abin tuhuma ce, tunda giram ɗaya na tokar ba zai yi ƙasa da kuɗin zinaren da ke cikinsa ba.

A kula da sunaye, domin ba duk mai kalmar Swarna, wato zinare, ne ke da zinare a ciki ba. Swarna Makshika dutsen tagulla da ƙarfe ne, Swarna Vanga kuma da kuza ake yin sa, ba zinare a cikinsu. Makaradhwaja ana fara shi da zinare, amma jan garin da ake kankarowa a wuyan kwalbar da aka gasa shi a ciki mafi yawansa zaiba ce da farar wuta.

Awon tokar zinare da littattafan Ayurveda suka ba wa babban mutum ɗan kaɗan ne ƙwarai, miligiram 15 zuwa 30, a lasa da zuma ko man shanu, a ƙarƙashin kulawar likitan Ayurveda mai shaidar karatu. Wannan awo ya fi ƙarfin cokali ko ƙiyasin ido. Maganar garkuwar jiki kuwa, galibin shaidar da ake kawowa daga gwajin dabbobi ne da ƙananan bincike, ba ta kai a ajiye rigakafi ko maganin asibiti saboda ita ba. Mai ciki, mai shayarwa da mai ciwon ƙoda ko hanta su nisance shi.

Jarirai su ne suka fi shiga haɗari. A Indiya akwai al'adar Swarna Prashana, inda ake ɗiga wa yaro zinare da zuma da man shanu, yawanci a ranar tauraron Pushya da ke zagayowa kusan duk kwana 27. Zuma tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri, shi ya sa ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba. Wanda ya riga ya sha irin waɗannan magunguna kuma ya fara jin ciwon ciki, taurin bayan gida, kasala, rawar hannu ko kumburin ƙafa, ya dakata nan take, ya tafi asibiti da kwalbar a hannu, ya nemi a auna dalma da zaiba a jikinsa tare da gwajin ƙoda.