Yadda Za Ka Auna Alhakin Tauraron Labari da Ya Yi wa Azzalumar Gwamnati Aiki

Idan ka ci karo da tauraron ƙagaggen labari wanda ya yi wa azzalumar gwamnati hidima, kada ka yi gaggawar kiran sa mugu ko abin tausayi. Ka fara neman wuraren da zaɓi ya kasance a hannunsa, domin a nan alhaki yake rataya a wuyansa. Hanna Schmitz ta littafin Der Vorleser, wanda marubucin Jamus Bernhard Schlink ya wallafa a 1995, ta ishe mu misali.

Ka ɗauki takarda ka jera ayyukanta bi da bi kamar yadda suka auku, ko da marubucin ya warwatsa su. A 1943 an yi mata tayin ƙarin girma a masana'antar da take aiki a Berlin, sai ta gwammace ta shiga rundunar SS ta 'yan Nazi a matsayin mai gadin fursunoni, don kada asirinta ya tonu cewa ba ta iya karatu da rubutu ba. Babu wanda ya tilasta mata. A wani sansani kusa da birnin Krakow na ƙasar Poland, tana cikin masu zaɓar mata 60 kowane wata a mayar da su sansanin Auschwitz, inda kisa yake jiran su.

Inda ya kamata ka fi daɗewa shi ne daren da bam ya kunna wa wani coci wuta, alhali ɗaruruwan mata fursunoni suna kulle a ciki, masu gadi kuma ba su buɗe ƙofa ba. Ka tambayi kanka abin da ta sani, da abin da take da ikon yi, da irin hasarar da za ta same ta in ta buɗe. Ta san suna ƙonewa, tana jin ihunsu, kuma hujjarta a kotun da aka gurfanar da ita daga baya ita ce fursunonin za su tsere, ita kuwa aikinta tsaro ne. A ganina wannan hujja ta fi komai ban tsoro a littafin, domin da gaske take faɗar ta. Dokar da ta kafa kotun Nuremberg a 1945, wadda ta yi wa manyan 'yan Nazi shari'a bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta riga ta bayyana cewa bin umarnin na gaba ba ya wanke mutum, sai dai ya iya sassauta hukunci. Haka nan rashin karatunta ya nuna yadda ta faɗa cikin aikin, amma jin kukan mai ƙonewa ba ya bukatar sanin baƙaƙe.

Daga nan ka lura da bakin da labarin yake fitowa. Michael Berg, mai ba da labarin, ya ƙaunaci Hanna tun yana ɗan shekara 15 ita tana da 36, saboda haka tausayin da kake ji nasa ne ya ara maka. Ka nemi muryar waɗanda aka zalunta duk ƙanƙantarta. Mutum biyu kaɗai suka tsira daga cocin, uwa da 'yarta, kuma bayan mutuwar Hanna, da Michael ya kai wa 'yar kuɗin da ta bar mata a cikin gwangwanin shayi, matar ta riƙe gwangwanin, ta ƙi karɓar kuɗin, domin ta gane cewa karɓarsu tamkar yafewa ce.