Yadda nake sassaƙa ƙaramin jirgin ruwan dakon kaya mai tururi

Jirgin farko da na sassaƙa yana nan a saman kabad, ban cika son a sauko da shi ba. Gefensa na dama ya fi na hagu ƙiba da kusan milimita 3, domin da ido na yi aikin, ga gaggawa, ina ɗokin in kai ga bututun hayaƙi da igiyoyi. Tun daga wannan karon na daina yarda da idona. Duk abin da zan sa a jikin jirgi sai na auna shi na raba.

Idan wannan ne karonka na farko, ka zaɓi jirgin Liberty. Amurka ta ƙera guda 2,710 tsakanin 1941 da 1945, don haka zane da hotunansa ba su da wuyar samu, kuma biyu suna nan da ransu har yau: Jeremiah O'Brien a San Francisco da John W. Brown a Baltimore. Ga shi kuma da walda aka haɗa jikinsa, ba da ƙusoshi ba, wato ka huta da ɗiga dubban kawunan ƙusa da tsinin allura. Tsawonsa mita 134.6 ne, faɗinsa mita 17.3. Ni ina raba komai da 200, sai jirgin ya fito santimita 67 da ɗoriya a tsawo, faɗi kusan santimita 8.7. Wasu sun fi son rabawa da 100 don su sa masa inji ya yi iyo, amma ka sani jirgin asali da cikakken lodi ya haura tan dubu 14, ke nan naka sai ya kai kilo 14 kafin ya nutsa zuwa inda ya kamata. Nawa na ajiya ne, ba ya shiga ruwa.

Nemi zanen layukan jiki, wanda ke nuna jirgin ta gefe, ta sama, da kuma yanka-yanka kamar an datsa shi gida-gida. Buga shi daidai girman da kake so, sannan ka ɗora rula a kai ka tabbatar, don firinta takan ɗan rage ba ta faɗa maka ba.

Gangar jikin da falle-fallen katako nake yinta, a jera wani kan wani. Kauri santimita 1 ya yi daidai da mita 2 a jirgin gaske, falle shida kuwa sun isa, tunda zurfin jikin bai kai santimita 6 ba. Katakon ya zama busasshe, mai laushi, marar kulli. Katakon balsa yana da daɗin yanka amma ko farce ya taɓa shi sai ya lotsa, ni na bar shi. Kafin zarto ya taɓa komai, ja layin tsakiya a sama da ƙasan kowane falle, ka kuma ja layukan yanka-yankan nan a gicciye ka sa musu lamba. Rashin wannan layin ne ya ɓata mini jirgin saman kabad. Yanke kowane falle bisa gefensa mafi faɗi, ka bar ɗan rara, ka fafe cikin na tsakiya don jirgin ya yi sauƙi kuma kada ya tsage in ya sha iska.

Ga wata dabara: zuba ɗan baƙin fenti a cikin gam ɗin katako kafin ka manna. Idan ka fara sassaƙa, kowace gaɓa za ta fito da siririn baƙin layi, kuma layin nan shi ne zai gaya maka gaskiya. In ya tafi sumul, jikin ya yi. In ya yi gwiwa, akwai tudu a wurin. Matse fallayen da kyau, a bar su kwana guda.

Yanzu sai aikin da ke cin rai. Daga zanen yanka-yanka, yanke ma'auni na kwali mai tauri, ɗaya ga kowace lamba, rabin jiki kawai. Rabin nan guda shi za ka gwada a dama, ka juya shi ka gwada a hagu, ta haka ɓangarorin biyu ba su da hanyar saɓawa. Tsakiyar jirgin dakon kaya kusan akwati ce, ba ta da wahala. Goshi ma da sauƙi. Baya ne ke ba da ciwon kai, inda jiki ke tsukewa ya shige ƙarƙashi don ruwa ya samu hanyar zuwa farfela. A nan nakan kife jirgin a kan cinyata, in shafa bakin fensir a gefen kwalin, in danna shi a gurbinsa. Inda baƙi ya taɓa katako, nan ne tudu. In ɗebe shi da wuƙa, ɓawo ɗaya siriri kamar na albasa, in sake dannawa. Lamba ɗaya takan ci mini yamma guda. Idan ka ɗaga jirgin ga fitila ka ga haske bai ratsa tsakanin kwali da katako ba, ka wuce gaba. Magagari yana biye da wuƙa, samfefa a ƙarshe, kuma a naɗe ta a jikin ɗan katako, don in da yatsa ka goga sai ta yi rami.

Kada ka manta doron jirgi ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Yana ɗan ɗagawa wajen goshi da baya, tsakiyarsa kuma ta ɗan fi gefuna tudu don ruwa ya gangara. Jirgin da aka yi wa doro a miƙe kamar tebur, ko wanda bai san jirgi ba sai ya ji wani abu bai zauna ba.

Abin da ke sama ba shi da rikici. Liberty yana da rumbun kaya biyar, uku a gaban ginin tsakiya, biyu a bayansa, da dogayen turaku uku masu ɗauke da sandunan ɗaga kaya. Ginin da murafen rumbu da kwali mai santsi ko farantin roba siriri nake yi. Bututun hayaƙi kuwa takarda ce a naɗe a jikin alƙalami, an shafe ta da gam. Farfela ɗaya ce mai fiffike huɗu, faɗinta kusan santimita 2.7 a wannan ma'auni.

Inda yawancin mutane ke faɗuwa shi ne kauri. Na yanka wani ɗan mutum na kwali, tsayinsa milimita 8 da rabi, shi ne sufetona. Duk abin da na gama sai in tsayar da shi kusa. Idan tsani ya fi ƙugunsa faɗi nesa, ko ƙarfen kariya na gefe ya kai masa wuya, sai a cire. Ƙarfen nan tsayin milimita 5 ya ishe shi. Igiyar ƙarfe mai kaurin santimita 2 da rabi, in ka raba da 200, gashin kai kaɗan ta fi. Zaren ɗinki ya yi mata kauri, ga shi da gashi-gashi. Ni nakan fere tsohuwar wayar lantarki in zaro silin jan ƙarfe guda, in mirgina shi a ƙarƙashin rula a kan gilashi har ya miƙe, in ɗauka da hantsaki in dasa da ɗigon gam a bakin allura. In dole sai zare, a ja shi ta cikin kakin zuma tukuna. Kuma ba kowace igiya ce ta cancanci shiga ba. Rabin abin da ke cikin hoto ya isa.

Fenti ya zama marar ƙyalli, a shafa shi tsarara-tsarara sau uku, ya fi mai kauri sau ɗaya. A lokacin yaƙi toka-toka aka yi musu gaba ɗaya. Ni na fi son kamanninsu na bayan 1945, lokacin da aka sayar da ɗaruruwansu ga 'yan kasuwa, Girkawa da sauransu, suka shiga yawon tashoshi da baƙin jiki, jan ƙasan jiki da farin gini. Don raba baƙi da ja, ajiye jirgin daram a kan tebur, ɗaure fensir a kan katako mai tsayin santimita 4.2 daga ƙasan jirgin, ka zagaya da shi. Sai ka bi layin da tef. A tsakiyar kowane gefe ka sa ɗan da'irar nan mai layi a ciki, alamar iyakar lodi da Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka a kanta har majalisar Birtaniya ta yi doka a 1876. Fitilar hagu ja ce, ta dama kore.

Tsatsa ce ta ƙarshe, kuma a nan hannu kan zarce. Tsoma ƙaramin buroshi a fenti mai launin ruwan ƙasa, goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan ka ja shi ƙasa daga ramin anka da ƙofofin da ruwa ke fita ta gefe. Koma baya taku uku ka duba. In tsatsar ce ta fara kama idonka kafin jirgin, ɗauko auduga mai ɗanshi ka rage tun bai bushe ba.