Yadda za a auna sukarin cingam da ƴan lakwal

Malamai ƴan uwana masu koyar da shimi a koleji da lise nan Maradi, ga wani ɗan gwaji da ba ya son labo ko wasu magunguna, cingam ɗin mai tebur na bakin lakwal ya isa. Abu ɗaya ne dole, sikeli mai lamba wanda ke nuna har 0,01 na giram, irin na masu awon zinariya. Na kanti mai auna shinkafa ba zai yi ba, don cingam guda giram kaɗan ne.

Dabarar ita ce sukari yana narkewa cikin miyau a haɗiye shi, shi ko ƙaron cingam ɗin ruwa ba ya narka shi, don haka nauyin da ya ɓace bayan tauna kusan duk sukari ne.

Kowane yaro ya yanki ƴar takarda ya sa sunanshi da bik, ya auna ta ita kaɗai ya rubuta a kaye. Sai ya ɓare cingam ya aza bisa takardar ya sake aunawa, ya cire nauyin takarda. To sai tauna, minti 15 ko har zaƙin ya tahi gaba ɗaya (ranar nan babu mai kora don ya tauna cingam a aji, za ku ga murna). Kowa ya taɓa nashi kawai, kuma kar ku sa gwajin nan cikin azumi.

Wurin da ake yin kuskure shi ne shanya. Yara suna da gaggawa, da sun tofar sai su ruga sikeli, alhali cingam ɗin jiƙe yake da miyau kuma miyau yana da nauyi, sai lissafi ya nuna sukari kaɗan. A maida shi bisa takardar a bar shi kwana 2 cikin inuwa, cikin kwali mai ƴan huji saboda ƙura da kiyashi, ba a rana ba don zai yi laushi ya malale. Da hunturu iska busasshe ne nan da nan yake bushewa, da damina ko sai an ƙara haƙuri. Ni yadda nake yi, a auna yau a auna gobe, in lambar ba ta sauya ba to ya bushe.

Lissafin: a ce kafin tauna giram 3 ne, bayan shanya ya koma 0,9. Abin da ya ɓace 2,1 ke nan, a raba da 3 a ninka da 100, ya ba da kashi 70 cikin 100. A rubuta na kowa bisa allo a fidda matsakaici, wanda nashi ya yi nisa da na sauran a tambaye shi, galibi bai gama tauna ba ko wani guntu ya maƙale mishi a haƙori.

Ku gaya musu hwa lambar ta ɗan zarce gaskiya, don kayan ƙamshi da gilisarin (abin da ke sa cingam laushi) su ma suna bin miyau. In kuma kun samu wanda aka rubuta babu sukari ku gwada shi, nauyinshi ma zai ragu sosai saboda sorbitol ko zilitol da ake sa mishi madadin sukari suna narkewa, sai ku bar yaran su yi gardama kan abin da sikelin ya auna.