Yadda za a tsara lambun shaƙatawa a cikin gari ya rage hayaƙin kabon

Abu na farko don Allah kar a taɓa manyan bishiyoyin da aka tarar a filin. Sau da yawa sai ka ga an kawo katafila an tumɓuke tsohuwar tsamiya ko maɗaci wai ana sharar fili, daga baya a jera ƴan dashe kamar tsinke a ce an yi lambu. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da bishiyar ta zuƙa daga iska, in aka sare aka faskara aka kai murhu shi kenan ya koma sama a matsayin hayaƙin kabon, wato iskar da ke ɗumama duniya. Mai zanen lambun ya bi inda bishiya take, hanya ta kauce mata.

Sai siminti. Haɗa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon ɗin duniya, amma mu da an ce lambu sai intalok ko'ina har gindin bishiya, ruwan sama bai samu ya shiga ƙasa ba, da rana kuma wurin ya ɗau zafi ba a iya zama. A yi hanyoyin da jar ƙasa ko tsakuwa a daɓe da kyau, siminti sai inda ya zama dole, kamar hanyar masu keken guragu.

Wajen dashe a nemi namu na gida masu jure fari, tsamiya, ɗorawa, maɗaci, kurna, marke, a gauraya kar a cika wuri da darbejiya zalla. Ni dai gawo nake so a ƙara, shi da damina yake zubar da ganye, da rani lokacin da garin ke ƙuna yana nan shar da inuwarsa, kuma yana ƙara wa ƙasa taki. In akwai kututture mai rai da ke toho a bar shi, a rage rassan a bar masu ƙarfi, haka manoman Maraɗi suka dawo da bishiyoyinsu tun shekarun 1980. A dasa a Yuni ko Yuli da ruwa ya zauna, a haƙa rami mai siffar rabin wata a gindin kowacce don ya tare ruwa, a sa keji saboda awaki, kuma tun farko a ware kuɗin mai ban ruwa na rani biyu ko uku, nan ne yawancin dashe ke mutuwa.

Ciyawar nan ta turawa da ake shimfiɗawa kuwa a rage ta sosai, kullum janareta na jan ruwa daga bohol, injin askin ciyawar na shan fetur. Fitilu da famfo a sa sola. In da kududdufi a filin kar a cike shi, a yashe a gyara bakinsa ya riƙa karɓar ruwan unguwa. Ganyen da ya zuba kuma masu shara su daina cinna masa wuta, a tona rami a gefe a riƙa zubawa ana yayyafa ruwa, bayan ƴan watanni a kwashe takin a mayar gindin dashen.