Babba ne kai kana zargin ADHD (matsalar kasa maida hankali da kasa zama waje daya) ko otizim (matsalar mu'amala da sadarwa da mutane)? Ga inda zaka fara

Kar ka tashi daga kauye ka nufi birni kai tsaye, kudin mota ne zai tafi a banza. Fara da janaral asibitin karamar hukumarku, kace wa likita ya rubuta maka takardar rifara zuwa bangaren likitocin kwakwalwa.

Dan Kano yana da asibitin Malam Aminu Kano da asibitin kwakwalwa na Dawanau, dan Jigawa kuma akwai asibitin kwakwalwa na Kazaure. Kafin ka zaba ka sa wani dan uwa dake kusa yaje ya tambayo, wace rana suke kilinik, nawa ne kati, kuma suna duba manya akan wannan matsalar ko yara kawai, don wallahi wannan tambayar ta karshe ita tafi komai.

Binciken da likita zai yi ba gwajin jini bane, hira ce doguwa, wani lokacin sai an koma sau biyu. Ka tafi da Inna ko yayanka da ya san yarintarka saboda ADHD sai alamun sun fara kafin shekara 12 ake tabbatarwa, rifot kat na firamare ma in yana nan dauko shi.