Yadda Za Ka Gane Kalmar "Climax" Ka Kuma Yi Amfani da Ita Daidai

Duk lokacin da jarrabawar WAEC ta ƙarato, ɗaliban adabin Turanci a nan Sakkwato kan tambaye ni ma'anar climax. Yawancinsu sun ɗauka ƙarshen labari take nufi, kuma wannan kuskuren yana cinye musu maki, abin da ke damuna ƙwarai.

Fara da asalinta. Daga Girkanci ta fito, klimax, wato tsani. Ana hawa mataki-mataki har a kai can sama, shi ya sa a Hausa "ƙololuwa" ce ta fi dacewa da ita. Ana furta ta "kilaimaks".

Sai ka koyi gano ta, kuma filin dambe ya ishe ka makaranta. Makaɗi ya ɗauki kalangu, an yi kirari, 'yan dambe biyu suna zagaya juna, kowa na auna ɗan'uwansa. Duk wannan hawan tsani ne. Can sai hannun da aka ɗaure da zare ya sauka, gwiwar ɗaya ta taɓa ƙasa, fili ya ɗauki ihu: an yi kisa. Wannan ɗan lokacin shi ne climax. Liƙin kuɗi da watsewar jama'a saukowa ce. A labari ma tambaya ɗaya za ka yi: a ina aka yi ta ta ƙare, yadda babu sauran komawa baya? Wani marubuci Bajamushe, Gustav Freytag, ya zana tsarin wasan kwaikwayo a 1863 kamar dala mai sassa 5, ya ajiye ƙololuwa a tsakiya, da sauran sassa biyu a bayanta.

Gwada da tarihinmu. An gwabza a Tabkin Kwatto a 1804, aka yi ta fafatawa da Gobir har Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya rasa ransa. Kafa birnin Sakkwato ya biyo baya. To, ga jimlarka: "The fall of Alkalawa was the climax of the war with Gobir." Kana iya cewa kuma abu "reached its climax", wato ya kai ƙololuwarsa.

Kula da siffarta. Climactic ita ce ta ƙololuwa, climatic kuwa ta yanayin ƙasa ce, zafi da damina. Harafi ɗaya ne tsakaninsu. Idan kuma an tara jama'a ana ta zumuɗi, sai ɗan dambe guda ya ƙi fitowa, wannan anticlimax ne.

Akwai wata ma'anar da ya kamata ka sani don gudun jin kunya: Turawa suna kiran ƙololuwar jin daɗi a saduwar ma'aurata da wannan kalma. Saboda haka a gaban malamai ko manya kada ka bar ta ita kaɗai, ka haɗa ta da abin da kake nufi, kamar "the climax of the story".