Sabon zuwa Birtaniya, kula da ƙaramar kalmar da ke bin "merge"

Mu a Hausa "haɗa" kaɗai ta ishe mu. Mu haɗa shayi, mu haɗa kuɗi, mu haɗa kaya, har aure haɗa shi muke yi. Bature kuwa ya raba wannan aiki ga kalmomi da yawa. A watanninka na farko, lokacin da kusan komai ta imel da cike fom ake yinsa, ɗaya daga cikin waɗanda za ka iya cin karo da su ita ce "merge", wato abu biyu su narke su zama ɗaya.

Kalmar ba wuya. Inda ake tuntuɓe shi ne abin da ke biye da ita.

In ka rubuta "merge A with B", ka ajiye su kafaɗa da kafaɗa, ba ka ce ga wanda zai saura ba. Hukumar harajin da ke yankar albashinka, HMRC, haka aka same ta a 2005: "Inland Revenue merged with HM Customs and Excise". Sunayen biyu suka kau, sabo ya fito.

In kuwa ka rubuta "merge A into B", to A ya shige cikin B, kamar gishiri a miya. B ne zai rage.

Ka ga abin kamar wasa, amma yana shafar mu sosai saboda sunayenmu. Fasfo ya ce Muhammad, wata takarda ta ce Mohammed, ko an juya sunanka da na mahaifinka, sai ka tarar kana da fayil biyu a asibitin unguwa. Tarihin rashin lafiyarka da magungunanka suna cikin tsohon fayil ɗin. Don haka rubuta: "Please merge the new record into my original record." Ka sa lambarka ta NHS, wato hukumar kiwon lafiyar ƙasar, mai alƙaluma 10 a ƙasa. Ma'aikaciyar da za ta karanta tana da layin mutane a gabanta, ba ta da lokacin kintatar nufinka, kuma ni dai ba na son ɗan'uwa ya bar maganar lafiyarsa ga kintace.

"Into" tana kuma nuna abin da aka samu a ƙarshe. In ana son takardar banki da ta haya a fayil guda, sai ka ce "I merged the two documents into one PDF." Kada ka ƙara "together" bayan "merge", maimaici ne.

Sai dai ba kowane haɗi ne "merge" ba. Takardar da ka liƙa wa imel, "attach" ka yi. Kai da maiɗakinka in kuna son asusu ɗaya, ku ce wa banki kuna son buɗe "joint account". "Join" ɗin da muka saba da ita a Turancin gida, a nan an fi jin ta wajen shiga ƙungiya ko bin layi, don haka kada ka tura wa ofis "please join my files".